Yadda ake wankin kafet a Yamai: wankin ruwa ko busasshen wanki?

Duk wanda ya yi niyyar shiga sana'ar wankin kafet, tambayar da ke fara tare shi ita ce wane kaya zai saya, na wankin ruwa ko na busasshen wanki. Masu sayar da injuna kowa nasa yake yabo. A ganina, a gari irin Yamai wankin ruwa shi ne ginshiƙin sana'ar, busasshen wanki kuma shi ke riƙe ka a damina, shi ke buɗe maka ƙofar otal da ofis. Amma ba kai ke zaɓa ba, ba mai kafet ke zaɓa ba. Abu uku ne ke yanke hukunci: irin zaren da aka saƙa kafet ɗin da shi, irin dattin da ke jikinsa, da ko zai iya bushewa kafin ya fara wari.

Fara da ƙura, kowace hanya za ka bi

Mafi yawan abin da ke cikin kafet a garin nan ba maiƙo ba ne, busasshiyar ƙasa ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na shigo da ƙura mai laushi ta kowace kafa, takalma kuma suna kwaso jan yashin unguwa duk shekara. Wannan ƙasar tana nutsewa can gindin zare inda tsintsiya ba ta kaiwa. Idan ka zuba mata ruwa kafin ka fitar da ita, ka kwaɓa laka ke nan da hannunka, kuma sai ka ninka ruwan ɗauraya kafin ta fita.

Idan tapi ne, wanda ake naɗewa a ɗauka, ka kife shi a kan daɓen siminti mai tsabta, fuskarsa na kallon ƙasa. Ka bi bayansa da injin zuƙar ƙura a hankali, ko ka bubbuga shi da faffaɗan katako, ba sanda mai kaifi ba. Ɗaga gefe ɗaya ka leƙa: za ka ga siffar kafet ɗin a kwance a ƙasa da jan yashi, wani lokaci har da ƙwayar shinkafa da allurar ɗan kwali. Share, sake kifewa, sake bugawa, har sai abin da ke zuba ya zama kaɗan. Sannan ka juya fuskar ka bi ta da injin sau biyu, sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya a gicciye. Moket da aka manne daga bango zuwa bango ba ya kifuwa, don haka injin kaɗai ne, sai dai ka ninka haƙuri, musamman bakin ƙofa da gaban kujeru. Ka sa takunkumi a hanci. Ƙurar nan kullum za ka riƙa shaƙarta, ƙirji ba ya yafe ta.

Gane irin zaren

Ka juya kusurwa ka nemi takardar kamfani. Idan ta cire, akwai gwajin wuta. Ka yanko ɗan zare kaɗan da almakashi daga can gefen da ba a gani, ka riƙe shi da hantsaki, ka kunna masa ashana nesa da kafet ɗin.

In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, yana warin roba, zaren roba ne. Galibin kafet ɗin da ke cika shaguna a Babbar Kasuwa, waɗanda ake shigowa da su daga Turkiyya da Sin da Dubai, irin wannan ne, kuma da yawansu na polifirofilin ne. Birnin Gaziantep na Turkiyya shi ne cibiyar saƙa irin wannan kafet da inji. Zaren polifirofilin ba ya shan ruwa, launinsa a cikin jikin zaren yake, don haka yana jure wanki sosai. Rauninsa biyu ne: yana kama maiƙo, kuma yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 160 zuwa 170 ba. Shi ya sa garwashin turaren wuta ko dutsen guga ke bar masa tabo mai tauri wanda babu sabulun da zai cire shi.

In ya yi warin ƙonannen gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa, ulu ne. Ulu yana wankuwa da ruwa, amma ruwan sanyi da sabulu mai laushi. Omo mai ƙarfi da kanwa suna busar da shi su kashe masa sheƙi, ruwan jabel kuwa, wato bilic mai faranta tufafi, cinye shi yake yi gaba ɗaya.

In ya ci da sauri yana warin ƙonanniyar takarda, auduga ce ko bisikos. Bisikos shi ne mai sheƙin nan kamar siliki da ake sa wa amare a falo. Shi ne ya fi kowanne jawo rigima: da ya jiƙe zarensa ya yi rauni, in ya bushe ya sandare ya yi rawaya-rawaya. Kada ka kai shi daɓen wanki ko da mai shi ta matsa.

Ka duba bayan kafet ɗin ma. Idan saƙar bayan ta zaren rama ce, mai launin buhun gyaɗa na da, jiƙa shi da yawa kan sa ruwan ƙasa-ƙasa ya tsatso sama lokacin bushewa, kuma yana iya tsukewa. Idan bayan danƙo ne da ya fara farfashewa yana zubar da farin gari, wankin ruwa mai ƙarfi zai ƙarasa shi.

Gwajin launi da magana da mai kaya

Ka haɗa ruwan sabulun da za ka yi aiki da shi, ka jiƙa farin ƙyalle, ka danna shi a kan ja ko shuɗin da ya fi duhu na kamar minti ɗaya. Ɗaga ka gani. In ƙyallen ya fito fari, bismilla. In ya ɗauko launi, wannan kafet na busasshen wanki ne.

Duk wannan a gaban mai shi za ka yi, kafin a ɗora kaya a mota. Ka ɗauki hoto da waya, gaba da baya. Ka nuna abin da ka gani ka faɗe shi a fili: "Hajiya, kin ga nan? Wannan ƙunar garwashi ce, ba datti ba ne, ba za ta fita ba. Wannan na lalle kuma zan gwada, amma ban yi miki alkawari ba." Za ta ce, "Kai dai ka yi iya ƙoƙarinka, ɗana." To, an gama. Maganar da ka faɗa kafin wanki bayani ce. In ka bari sai bayan wanki, ko gaskiya ce, za a ɗauke ta a matsayin kame-kame.

Yadda ake busasshen wanki

Akwai ɗan danshi a cikinsa, sai dai ba ya kaiwa gindin kafet. Hanya biyu ce ta fi yaɗuwa.

Ta farko ita ce ta hoda. Hodar tana zuwa da ɗan laima, an jiƙa ta da sinadarin da ke narkar da datti. Bayan ka fitar da ƙura, ka fesa maganin tabo kaɗan a wuraren da ƙafa ta fi takawa. Ka barbaɗa hodar gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a jikin leda. A nan sai ka yi la'akari da garinmu: a watan Maris ko Afrilu iska a bushe take ƙayau, hodar za ta bushe kafin ta yi aiki. Saboda haka kada ka barbaɗe falo gaba ɗaya. Ka ɗauki mita biyu ko uku, ka gama da su, ka matsa gaba, kuma a kashe fanka a rufe taga har ka gama gogewa. Ka cusa hodar cikin zare da buroshi mai laushi, gaba da baya, hagu da dama. Ka bar ta minti 20 zuwa 30. Alamar ta gama ita ce in ka taka ba ta manne wa tafin takalmi, launinta kuma ya koma toka-toka. Sai ka zuƙe ta da inji, a hankali, har sai ka buɗa zare da yatsa ba ka ga fari ba.

Ta biyu ita ce ta kumfa ko feshi mai daskarewa. Ana fesa shi sama-sama, a goge da injin buroshi mai juyawa, a bar shi ya bushe. Yana kama dattin ya daskare ya zama gari, washegari ko bayan ƴan awanni a zuƙe. Wannan ta fi sauri a wuri mai faɗi kamar zauren taro ko barandar otal.

Amfanin busasshen wanki a fili yake. Cikin awa ɗaya ko biyu an koma taka wurin, ba ka ɗauki kafet ka kai ko'ina ba, ba ka nemi rana ba, launi bai zuba ba. Ofisoshin unguwar Filato da gidajen baƙi na unguwar Kwara Kano ba za su rufe ɗaki kwana biyu don moket ya bushe ba, irin wannan aikin suke nema. Amma iyakarsa ma a fili take. Saman zare yake tsabtacewa. Kafet ɗin da yara suka shekara suna cin tuwo a kansa, miya da fura da fitsari sun ratsa har ƙasa, hoda ba za ta yi masa komai ba sai ƙamshi na kwana uku. Kuma hodar daga waje ake kawo ta, tana da tsada, ba kullum ake samunta ba. Wasu na maye gurbinta da bikarbonat, wato farin garin sodar nan ta girki. Bikarbonat yana rage wari, wannan gaskiya ne, amma ba ya wanki, kuma garinsa yana toshe matatar inji.

Yadda ake wankin ruwa

Shi ma iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba.

Na farko shi ne wanki a kan daɓe, na tapi mai zaren roba, wanda shi ne mafi yawan aikin da zai zo maka. Kana buƙatar daɓen siminti mai santsi da ɗan gangare, wanda ya fi kafet mai mita 3 da 4 faɗi, da magudanar da za ta kai ruwan cikin rami. Kada ka saki ruwan wanki a titi. Ban da faɗa da maƙwabta, kana kiwon sauro ne a ƙofar gidanka.

Ka shimfiɗa kafet ɗin, ka jiƙa shi da ruwan sanyi ko'ina. Ka narkar da sabulu a bokiti tukuna, kada ka barbaɗa garin omo kai tsaye a kan zare, don ƙwayoyinsa na maƙalewa su ƙi fita. Sabulun ruwa na kafet ya fi, kuma kaɗan ya isa. Yawan kumfa burge mai kallo kawai yake yi. Ka zuba, ka bar shi kamar minti goma ba tare da ya bushe ba, sannan ka goge da buroshi ko inji, kana bin yadda zaren ya kwanta. Don ka san kwanciyarsa, shafa da tafin hannu: ɓangaren da ya yi santsi, nan ya nufa.

Ɗauraya ita ce rabin aikin, kuma a nan yawancin masu wanki ke yin ha'inci saboda ruwa kuɗi ne, musamman in daga hannun ƴan garuwa kake saye. Ka zuba ruwa, ka tura shi da katakon roba na share ruwa daga wannan gefe zuwa wancan, kana bin kwanciyar zare. Karon farko ruwan zai fito ja kamar na kogi a watan Agusta. Ka maimaita har ya fito garau, ba kumfa. Gwaji mai sauƙi: matse gefen kafet cikin kofin gilashi ka girgiza, in kumfa ta taso ta tsaya, da sauran aiki. Sabulun da ya rage a zare yana yin danƙo, danƙon ya kama ƙura, bayan sati biyu kafet ya fi da baƙi, mai shi ya ce ba ka iya wanki ba. Kuma ya yi gaskiya. A ɗaurayar ƙarshe ana zuba ruwan khal fari kaɗan, kamar rabin kofi a bokiti, yana kashe ragowar sabulu, yana taimakon ulu musamman. Amma kada ruwan khal ya haɗu da jabel, kada kuma jabel ya hau kan fitsari: hayaƙin da ke tashi guba ne.

Masu wankin mota da ke haɗawa da kafet sukan yi amfani da injin fesa ruwa mai ƙarfi. Yana da sauri, amma a riƙe bakinsa nesa, a karkace, kada a soka shi cikin zare. Yana warware saƙa, yana ɓamɓare danƙon baya. A kan ulu kuwa a bar shi kwata-kwata.

Na biyu shi ne injin da ke fesa ruwa ya zuƙe shi nan take, irin Puzzi na kamfanin Kärcher na Jamus da makamantansa. Shi ne na moket da kafet ɗin masallaci da ba a ɗagawa, shi ne kuma na kujerun falo, wanda wata ƙofar samu ce daban. Ka fesa ruwan sabulu da famfon feshi, ka jira minti biyar zuwa goma, ka goge, sannan ka cika tankin injin da ruwa zalla. Kana ja baya a hankali kana fesawa sau ɗaya, ka sake bin layin sau biyu kana zuƙa kawai ba feshi. Ka fara daga ƙuryar ɗaki ka fito ta ƙofa. Ƙafafun kujera da tebur a sa musu leda a ƙasa, don tsatsa da fentin katako na sauka a jiƙaƙƙen moket. Wayar wuta kuma a rataye ta sama, kai ma ka sa takalmin roba.

Shanya

A nan ake gane gwani. Kafet ɗin da ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu a jiƙe ya fara fumfuna, warin kuma ba ya fita da turare.

Bayan ɗauraya, ka naɗe shi tamau bisa kwanciyar zare, ka jingine shi a tsaye minti 30 ko fiye ruwa ya tsiyaye. Jiƙaƙƙen kafet nauyi gare shi, mutum biyu za su ɗaga. Sannan a rataye shi a kan bututun ƙarfe mai kauri marar tsatsa, iska na ratsa shi ta ko'ina. Kada a yafa shi a katangar ƙasa ko ta bulo, kada a shimfiɗa shi a yashi.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin da ka wanke da safe ya bushe kafin la'asar. Haɗarin lokacin shi ne ranar kanta: tana kashe launi, tana gasa danƙon baya. Don haka ka shanya a ƙarƙashin rumfa. A hunturu ma bushewa ba wuya, matsalar ita ce ƙurar da ke sauka kan jiƙaƙƙen zare. Ka kewaye wurin shanya da tamfol ta gefen gabas da arewa inda iskar ke fitowa. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce mai wahala, Agusta ya fi kowane wata. Hadari kan zo da guguwar ƙura a gabansa, cikin minti kaɗan ya ɓata aikin yini. A wannan lokacin ka yi wanki da asuba kawai, ka rage yawan kafet ɗin da kake karɓa, ka tanadi fanka biyu a rumfa, duk wanda dattinsa bai yi tsanani ba ka mai da shi busasshen wanki. Kafin ka naɗe, cusa yatsa har gindin zare, ka taɓa bayan da gefuna. In ka ji sanyi, bai bushe ba. Kuma kada ka sa shi a leda da ɗuminsa.

Wani lokaci tabon da ya ɓace yana jiƙe sai ya dawo bayan bushewa. Dattin ƙasa ne ya biyo ruwa ya hau sama. Ka ɗan jiƙa wurin, ka ɗora farin tawul ninki huɗu, ka danne da abu mai nauyi ya kwana.

Tabon da za ka fi gamuwa da su

Shayi da zoɓo da goro ruwan sanyi da ɗan ruwan khal suke so, a danna da ƙyalle daga gefe zuwa tsakiya, kada a cuɗa. Jini, wanda ke yawa bayan babbar salla, ruwan sanyi kawai. Ruwan zafi dafa shi yake ya zauna. Miya da man ja, a kankare da cokali, a sa ɗigon sabulun wanke kwanoni. Cingam a ɗora masa ƙanƙara a leda har ya yi tauri, a ɓamɓare. Lalle da baƙin rinin gashi rini ne na gaske, sau da yawa sai dai su rage.

Fitsarin yara yana da hukunci na daban. Mutanenmu suna salla a kan shimfiɗarsu, kuma a mazhabar Malikiyya ruwa mai tsarki ne ke gusar da najasa. Hoda ko kumfa, komai ƙamshinsu, ba su tsarkake wurin ba. Idan mai gida ko kwamitin masallaci suka ce akwai najasa, wankin ruwa ne, a kuma ƙare da ruwa zalla wanda sabulu bai canza shi ba. In kafet ɗin irin wanda ba ya son ruwa ne, ka wanke wurin kaɗai ka zuƙe da sauri, ka gaya wa mai shi abin da ka yi da abin da ka bari.

Jari da farashi

Mai ƙaramin jari ya fara da injin zuƙa mai ɗaukar ƙura da ruwa duka, da daɓe, da buroshi, da katakon share ruwa, da bututun shanya, da tanki ko duro don ranar da famfo ya ɗauke. Da waɗannan za ka wanke mafi yawan tapin da ke gidajen Bukoki da Talaje da Harobanda. Injin fesawa da zuƙa shi ne saye na biyu, in kasuwa ta fara kamawa. Hoda da kumfa ka saye su in ka sami aikin da zai biya su, kada ka tara su suna bushewa a shago. Kafin ka sayi kowane inji, sabo ko na hannu a kasuwar Katako, ka tambayi inda ake samun matatarsa da robobinsa, ka kuma tabbatar janaretanka zai ɗauke shi.

Farashi da murabba'in mita ake yi, ba da ido ba. Ka riƙe ma'auni a aljihu: kafet mai mita 2 da 3 mita shida ke nan, mai 3 da 4 kuma sha biyu, ninki biyu, ko da yake a naɗe kusan ɗaya suke a ido. Ka lissafa ruwa, sabulu, wuta ko man janareta, ladan yaro, da kuɗin ɗauko kaya da mai da su, wanda sababbi ke mantawa har ya cinye ribar. A wankin ruwa, ruwa da sufuri da ƙarfin jiki ne ke cin kuɗi; a busasshen wanki, hodar ce. Ulu da bisikos a ƙara musu kuɗi saboda haɗarin da ka ɗauka.

Kowane kafet a ɗaura masa lamba a kusurwa da zare, a rubuta a littafi da sunan mai shi da girmansa da ranar da aka yi alkawari, don kafet ɗin Turkiyya masu zane iri ɗaya suna da yawa. Kasuwa na cika ne gab da azumi, lokacin da masallatai ke gyaran shimfiɗa, da satin da ke gaban kowace salla. Ka ƙirga yawan kafet ɗin da bututunka ke iya shanyawa a yini, ka ninka da kwanakin da suka rage, in lissafin ya cika ka daina karɓa.